Shekarar da Na Riƙe Akwatin Juyi

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Baba ya ci rabin burodi da shayi da safe, da rana cokali bakwai. Iya Nas ta asibitinmu ce ta ba ni littafin nan, ta ce in riƙa rubuta abin da ya ci. To ga shi na rubuta. Sauran shafin nawa ne.

Yau aka kawo min akwatin Juyi. Gidaje ɗari uku da sha biyu a garin nan, a rasa wadda ƙuri'ar riƙon akwati za ta faɗo wa sai ni, mai guga a ɗakin wankin asibiti, ni da ko mabuɗin gidanmu sai na yar sau biyu a mako. Kafinta, maƙwabcinmu na dama, shi ya ɗauko min shi a ka, yana tafe yana shela wai a ba sarauniyar guga hanya. Na ce ya ajiye ya fita kafin in goge masa baki.

Baba ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya tambaye ni na mene ne. Sai ga ni zaune ina yi masa bayanin abin da shi ya koya min ina 'yar shekara shida. Na ce Baba, duk shekara biyar kowane gida yana sa hannu ya ɗauki lambar tagulla ɗaya, gidan da lambarsa ta fito nan za ka koma, tudu ko gangare, babu babba babu ƙarami. Na ce a da mutanen tudu ba sa shan ruwa a gidan mutanen gangare, har aka yi abin da aka yi, aka binne waɗanda aka binne, ku kuma kuna samari kuka ce ya isa haka. Na ce kai ne ma ka fara miƙa mabuɗin gidan mahaifinka aka raba shi gida uku. Ya ce, "Ni?" Ya yi dariya, ya ce lallai wannan mutumin akwai ƙarfin hali.

Na shiga madafa na yi kukana a kan tukunya.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Cokali tara. Ayaba ɗaya.

Gidan nan kaɗai ya rage masa a ka. Ya manta sunan mahaifiyata, ya manta cewa ya koyar da rabin garin nan lissafi, amma ƙafarsa ta san taku goma sha ɗaya daga gado zuwa banɗaki, hannunsa ya san inda makunnin fitila yake. Bara da aka kwantar da shi a asibiti, kwana uku bai sa komai a bakinsa ba, sai laluben bango yake yana neman ƙofarsa. Iya Nas ta ce min a lokacin, ki mai da shi gida kafin ya ƙare a hannunmu. Idan muka tashi daga nan, ina zan mai da shi?

Yaya ya je taron yamma ya roƙa a ɗage mana bana. Ya dawo idonsa jajir. Ya ce shugabar gari ta bana, mai sayar da kifin nan, tana magana tana hawaye. Ta ce in an ɗage wa Baba saboda tsufa, gobe wani zai zo da ciwon ƙafa, jibi wani da yawan 'ya'ya, kuma duk gaskiya suke faɗa, sai a wayi gari masu tudu sun koma masu tudu. Ta ce Baban ne da kansa ya faɗi haka a wannan ɗakin taron, ita tana yarinya tana leƙe ta taga. Sun ce duk inda muka faɗa za su zo su taya mu, za su tsara masu zama da shi in ina wurin aiki, kamar yadda ake yi a layinmu yanzu.

Na ce sun kyauta. Ba haka na ce a zuciyata ba.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Aikin mai riƙon akwati ne ta wanke lambobin, ta goge, ta ƙirga. Na baza su a kan tabarma suna ta ƙyalli. Baba ya taya ni gogewa, yana yi yana hura musu iska kamar mai goge tabarau. Hannunsa ne ya faɗa kan arba'in da ɗaya, lambar gidan nan namu, ba nawa ba. Ya miƙo min ya ce wannan ta fi kyau.

Na karɓa.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na ƙona zanin gado biyu a wurin aiki. Shekara goma sha huɗu ban taɓa ba.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An yi.

Tun ƙarfe bakwai ɗakin taro ya cika, ga sanyin safiya, ga siminti. Akwatin yana ƙasa a gabana, Iya Nas a kan kujera kusa da ni, don ita ke karɓar lamba daga hannun kowa ta karanta da ƙarfi. Tana ta mita wai tagullar nan ta daskarar mata da yatsu. Likita ya ɗauki gidan da ke bayan kasuwa, mai shara ya ɗauki wanda likitan zai bari, suka tafa suna dariya, likita yana gaya masa famfon banɗaki sai an lallaba shi. Kafinta ya ci gida taku ashirin daga shagonsa, ya yi tsalle kamar ba mai jikoki ba. Haka ake yi kullum, ana ta ba wa juna labarin gida kamar ana ba da amanar yaro.

Mai riƙon akwati ita ce ta ƙarshe, don kada a ce ta zaɓa. Abin da ya rage a ciki shi ne nata. Awa huɗu ina tsaye, hannuna na hagu a manne da ƙirjina. Da aka kira ni na sa hannu a akwati. Na fito da hannu.

Iya Nas ta karɓa. Ta rufe tafinta a kai, ta ɗan jima, ta ɗago ta dube ni. Sai ta ce a hankali, "Hannun mai guga." Ta ɗaga murya ta karanta arba'in da ɗaya.

Ɗakin ya ɗauki sowa. Shugaba ta rungume ni tana ƙarnin kifi tana cewa Allah ya yi abin da mu muka kasa. Yaya ya durƙusa a ƙasa yana kuka.

Baba ya ci cokali goma sha biyu.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na ji daɗi. Gara in rubuta gaskiya ko a nan ne. Na ji daɗi.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Da a ce wani ya zage ni da na samu sauƙi. Tun Lahadi ake shigowa yi mana barka. Mutanen nan ko tunanin wani abu ba sa yi. Shekara hamsin ana Juyi ba a taɓa samun wanda ya sa son zuciya ba, har sun manta ana iya yi.

Duk layin sun shiga gyaran bankwana. Tela, maƙwabciyarmu ta hagu, tana shafa wa gidanta fenti, gidan da za ta bari nan da kwana biyar. Kafinta ya hau rufi yana canza kwano wa mutanen da bai ma tambayi su waye ba. Ya ce min wanda zai shigo ɗin ai gobe shi zai bar wa jikata gida, to in na yi ha'inci wa na cuta? Ya faɗa ne kawai yana buga ƙusa, bai san inda maganar ta sauka ba.

Mu ba mu da abin gyarawa. Ƙofarmu kaɗai ce ba sabon fenti a layin.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

A ɗakin wanki akwai wata da muke ce wa Doguwa, ita ke kan injin matse kaya. Ta ci gida a bakin rafi, can ƙarshen gangare. Yau muna ninke zanin gado, ita da gefe biyu ni da gefe biyu, sai ta ce ikon Allah, mai akwati ta ci gidanta, kuma a tudu. Ta faɗa tana murmushi. Sannan ta ce ita fa bana ba za ta yi fenti ba, ta gaji da gyara wa mutane gida, wa ya sani ma ko abin nan duk gaskiya ne.

Na ce mata ta ja gefenta da kyau, zanin ya karkace. Har na yi mata tsawa, ni da ya kamata ƙasa ta tsage in shige.

Tunda nake ban taɓa jin wani ya ce "a tudu" da irin wannan muryar ba.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

An fara tashi, layi-layi. Tun safe amalanke ke wucewa da gadaje da tukwane, yara a bisa kaya suna ɗaga hannu.

Na fito daga wanka ban ga Baba a ɗaki ba. Na same shi a bakin ƙofa a kan kujerarsa, ya ƙulle kayansa a zanin gado, ya sa takalmi, hagu a dama. Ya ce yana jiran amalankenmu. Na ce Baba mu bana ba inda za mu, gidanmu muka ci. Ya ce to. Bayan minti goma ya sake tambaya ina amalankenmu.

Bai ci ba. Ya ce ba a cin abinci ranar tashi sai an isa.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Cokali biyu.

Tela ta tashi jiya. Shekara biyar ƙarar kekenta ce ke tashin Baba da safe. Yau wasu ne a gidan, mutanen kirki, sun shigo sun gaishe shi, amma bai san su ba. Na kwance ƙullin kayansa sau uku, sau uku yana sake ƙullawa.

Da yamma ya kamo hannuna ya ce, "Baiwar Allah, mu me muka yi aka bar mu?" Na ce ba mu yi komai ba. Ya girgiza kai. Ya ce mahaifinsa ma haka ya ƙi tashi, ya zauna a tsakar gida ya riƙe turmi, sai da shi ya durƙusa ya roƙe shi, ya goya shi a baya ya fito da shi mutane suna kallo. Ya ce, "Kar ki bari a ce mun fi wani."

Bai san sunana ba, amma wannan ya sani.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Shayi, kurɓi uku. Yana bakin ƙofa.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na je wurin Iya Nas da littafin nan, wai in nuna mata lissafin cokula. Tana tsakiyar kaya, tana naɗe kofuna a tsumma. Ta duba shafukan, ta ce ya rame ko? Na ce ya rame. Ta ci gaba da naɗe kofi.

Can ta ce, "Lamba ɗari uku da sha ɗaya na riƙe ranar nan, kowace kamar ƙanƙara. Ta ƙarshe kuwa kamar ma'aunin zafi da aka zaro daga hammata."

Na ce to me ya hana ki faɗa, Iya?

Ta ce, "Ba maganata ba ce. Taki ce. Ni na karɓi haihuwarki, na san za ki zo."

Na kifa kaina a cinyarta, mace mai shekara arba'in da uku, na yi kuka har da majina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in tashi kar in fasa mata kofi. Yau akwai taron yamma.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na faɗa.

Yaya na fara gaya wa a hanya. Ya tsaya cak, ya ce in rufa mana asiri in yi shiru, abin ya riga ya wuce. Na ce je ka ka dubi Baba a bakin ƙofa sannan ka ce min ya wuce. Ya bi ni.

Na miƙe a gaban mutane. Na ce lambar gidanmu ba ta kwana a akwati ba, a jikina ta kwana. Na ajiye ta a kan tebur. Ban kawo Baba a matsayin hujja ba, kowa ya san Baba.

Wani mai gyaran lantarki ya miƙe ya ce shi matarsa na da cikin wata tara ya ɗauki gida mai hawa biyu bai ce uffan ba, ni wace ce? Gaskiya ya faɗa. Ban kalle shi ba don kunya, ba don fushi ba. Shugaba ta ce ita ba ta san hukuncin wannan ba, don ba a taɓa rubuta masa hukunci ba. Aka ce sai lambar ta koma akwati in sake ɗauka. To amma kowa ya riga ya ɗauki tasa, lamba ɗaya a akwati ai ba ƙuri'a ba ce.

Sai Iya Nas ta tashi da sandarta, ta kwance bakin gyalenta, ta jefa tata a ciki. Ta ce ita ba ta tashi ba tukuna, ko ina aka kai ta ƙasa ce. Ƙarar tagullar nan a cikin akwati ba zan manta da ita ba.

Kafinta ne na biyu. Gidan nan na taku ashirin daga shagonsa, wanda ya kwana goma yana ba kowa labarinsa. Na ce masa kar ka yi, don Allah. Ya ce, "Matsa min, sarauniyar guga. Malam ne ya koya min auna katako." Ya jefa. Daga nan ban iya ƙirgawa ba saboda hawaye, Yaya ya ce gida talatin da takwas, duk waɗanda ba su kai ga tashi ba. Doguwa ma ta jefa, ba ta dube ni ba. Mai lantarkin ya daɗe a zaune, sannan ya zo ya jefa, ya ce ba don ni ya yi ba.

Shi aka ba riƙon akwatin. Ni na fara ɗauka. Ɗari biyu da bakwai, gangare.

Tana da sanyi sosai.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ina fenti. Yaya yana gyaran tagar madafa. Kafinta ya ci gida can bayan makaranta, tafiyar rabin awa zuwa shago, amma ya zo ya canza mana marikin ƙofa yana zagin wanda ya sa na da, alhali shi ne ya sa. Mai lantarkin ne ya ci arba'in da ɗaya. Na rubuta masa a takarda cewa ƙofar banɗaki tana cijewa da damina, kuma rana tana shiga ɗakin gabas da kyau, zai yi wa mai jego daɗi.

Akwai waɗanda na gaisar a hanya suka amsa a taƙaice. Sun yi daidai. Doguwa dai na gan ta da bokitin fenti.

Na ce wa Baba gobe amalankenmu zai zo. Ya ci cokali shida.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mun tashi. Ya ƙi hawa amalanke, ya ɗauki ƙullinsa ya shige gaba, mu muna binsa a baya. Tafiyar minti ashirin sai da ta ci mana awa biyu, don babu layin da muka ratsa da ba a fito an tare shi ba. Wannan ta ce sun yi maƙwabtaka shekara talatin da suka wuce, wancan ya ce katanga ɗaya ta raba su lokacin da aka haife shi. Juyi goma ya yi a garin nan. Ni ban taɓa lissafa abin da hakan ke nufi ba sai yau.

Amma da muka shiga gidan aka rufe ƙofa, sai ya tsaya a tsakar ɗaki ya yi tsuru-tsuru. Ya yi taku goma sha ɗaya ya ci karo da bango.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Jiya ruwa kawai. Yana laluben bango. Mutanen layin sun kawo min takardar masu zama da shi tun ban tambaya ba, sunaye tara. Na gode musu. Ina tsoro. Wataƙila na kashe shi da gaskiyata kamar yadda na kusa kashe shi da ƙaryata.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Da safe na shiga madafa ɗora ruwa, na fito babu shi. Ƙofa a buɗe. Rafi yana ƙarshen layin nan. Na fita da gudu ba takalmi, ina kiran Baba kamar mahaukaciya, mutane suna fitowa suna bazuwa, wasu suka yi rafi, wasu suka yi kasuwa.

Wata mata ce ta leƙo daga gida na huɗu da namu ta yafito ni, ta sa yatsa a baki. Ban san ta ba, sai daga baya na ji matar direban motar asibiti ce, su ma shekaranjiya suka tare. Ta ce ya turo ƙofa ya shigo kai tsaye, ya rataye hularsa a wata ƙusa da su ba su ma lura da ita ba, ya zauna ya ce ina abin karyawa. Ita kuwa ta zuba masa, don a garin nan duk tsohon da ya shigo gidanka haka, to gidansa ne a wata shekarar.

Na leƙa. Yana zaune a tsakar gida da kwano a cinya, yana gaya wa direban cewa magudanar can tana toshewa in an yi ruwa, a riƙa sa mata ido. Kwanon ya kusa ƙarewa. Na jingina da ƙofa.

Ya ɗago ya gan ni. Ya dube ni sosai, ya juya wurin matar ya nuna ni da cokali.

"Wannan 'yata ce," ya ce. "A ɗakin can aka haife ta. Kuka gare ta kamar me."

Rabon da ya ce min 'yata tun kafin damina biyu. Matar ta matsa min a kan tabarma, ta ce in zauna ni ma in ci, akwai saura a tukunya. Ta ce gobe ma in kawo shi, ko in bar shi ya kawo kansa, za ta bar ƙofar a buɗe.

Ban ƙirga cokulan ba. Ya cinye, ya nemi ƙari.